Tun Ranar da Aka Kama Rosmini

Litinin, 8 ga Satumba, bayan la'asar

An kama Rosmini.

Na rubuta ne don in gani da idona, ko zuciyata za ta yarda. Da hantsi ina loda ƙanƙara a jirgin masu kamun kifi, sai na hango Nene Bunga, tsohuwar da ɗakinta ke jikin namu, tana tahowa da ɗana Ilham a kafaɗa. Nene ba ta taɓa zuwa wurin aikina ba. Ko mayafi babu a kanta.

Ta ce, "Jumardin, ajiye abin nan. 'Yan shige da fice sun yi samame a kasuwar safe. Sun tare gaba, sun tare baya. Matarka tana cikin motar."

Na ce, "Wace mota?" Ka ji tambayar banza.

Kullum tun asuba Rosmini take fita da shinkafarta mai kurkum, ƙunshi-ƙunshi a ganyen ayaba, ta bar wa Nene yaron, da hantsi ta dawo ta ba shi nono. Takardarta ta izinin zama a ƙasar nan ta mutu tun bara. Tawa tana da rai, amma tana kulle a durowar Tauke Chong, mai masana'antar ƙanƙarar da nake wa aiki. A unguwarmu ta kan ruwa nan garin Tawau haka yawancin gidaje suke, ɗaya da takarda, ɗaya babu.

Ilham watansa huɗu. Bai san komai a duniya ba sai nonon uwarsa.

Talata, 9 ga Satumba, da safe

Bai sha ba. Na sayo madarar gwangwani da bulumboti, yana turo robar da harshe yana tsala ihu. Sukma, yayarsa, tana tsaye a kaina. Ta ce, "Ambo," haka muke ce wa uba a yarenmu, "ba haka Mama take riƙe shi ba." Na daka mata tsawa. Shekararta bakwai, kuma gaskiya ta faɗa.

Talata, da yamma

Na yini daga wannan ofis zuwa wancan. Kowa ya ce in je in jira. Daga ƙarshe wani ɗan sanda ya ji tausayina, ya ce an kwashe su zuwa sansanin da ke bayan gari. Na san wurin. Kowa ya san wurin. Ba ma kiran sunansa a gaban yara.

Laraba, 10 ga Satumba, da azahar

Bai sha ba. Ɗan abin da Nene ta ɗura masa da cokali ya dawo da shi.

Alhamis, 11 ga Satumba, bayan magariba

Ɗakin da ke kallon namu, tsallaken gadar katako, na Almaida ne, 'yar ƙabilar Suluk, mijinta masunci. Mu kuwa Bugis ne. Ita da Rosmini ba sa ga maciji tun da suka yi faɗa a kan tiyon ruwa. Rosmini ta ce nata ne, Almaida ta ce ita ta haɗa shi da famfo. Ko gaisuwar Sallah ba su yi ba.

Yau da la'asar sai ga ta ta shigo, babu sallama, da jaririyarta a hannu. Muryar Ilham ta riga ta dushe, kukan ma ba ya fita sosai.

Ta ce, "Baban Sukma, yaron nan ya hana unguwa sakat. Miƙo shi."

Na tsaya ina kallonta.

"Za ka miƙo shi ko sai na aiko maka da goron gayyata? Fita waje."

Na fita na zauna a kan gadar. Sai na ji shiru. Ban san shiru yana da nauyi haka ba. Daga ciki na ji Nene tana cewa, "To, yanzu ya zama ɗan'uwan 'yarki. Babu aure a tsakaninsu har abada."

Almaida ta ce, "Dama wa ya ce zan ba Bugis 'yata? Masu rowar ruwan famfo."

Nene ta kwashe da dariya. Ni kuwa na kifa kaina a gwiwa.

Lahadi, 14 ga Satumba, da hantsi

Ranar Juma'a bayan an idar da salla wani ya nuna mini Pak Darwis. Ɗan ƙabilarmu ne, motarsa mai baƙin gilashi, turarensa yana riga shi isowa. An ce ya san mutane a ciki. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ndi, ƙanena, kwantar da hankalinka. Muddin sunanta bai hau jerin waɗanda za a mayar ƙasarmu ba, ana iya zare ta. Amma ka san hannu da yawa za a jiƙa."

Jiya na sayar da babur. Yau na haɗa kuɗin da 'yan kunnen aurenta na kai masa. Bai ko ƙirga ba, ya zuba a aljihu, ya ce mako mai zuwa in sha Allahu.

Yanzu da ƙafa nake zuwa aiki.

Laraba, 17 ga Satumba, da yamma

Ta kira! Baƙuwar lamba. Akwai masu ba da hayar waya a ciki, mu na waje muke biya, minti ɗaya ya fi kuɗin abincinmu na yini. Ban damu ba.

"Daeng," ta ce. Haka take kirana tun kafin aure. "Ilham fa?"

Na ce yana lafiya, yana sha. Ta ce shan me? Na gaya mata.

"Almaida? Almaida dai tamu?"

"Ita."

Na ji ta ja hanci. Ta ce, "Ka ce mata..." Sai ta fasa. "Ka kai mata kifi mai kyau. Mai shayarwa tana son romo. Kada ka sayi na yamma."

Na tambaye ta yaya wurin yake. Ta ce in aiko da sabulu da man ƙaiƙayi.

Litinin, 22 ga Satumba, bayan isha'i

Na gan ta.

Tun kafin rana ta fito muke layi a bakin ƙofa, mata da maza, kowa da leda a hannu. Wata mata a gabana ta ce mijinta ya kusa shekara a ciki. Na matsa daga kusa da ita.

Akwai shingen waya a tsakaninmu, mutane suna ta ihu ta kowane ɓangare, sai ka ɗaga murya kafin a ji ka. Ta sa hannuwanta a ƙarƙashin mayafi, ba ta fito da su ba har muka rabu. Fuskarta dai ba zan rubuta ba.

Ta ce ranakun farko nonon ya cika ya yi tauri har zazzaɓi ya kama ta. Sai ga wata yarinya 'yar Timor da ta haihu a ciki, nata nonon bai zo ba. Rosmini ce ke shayar da ɗan.

"Don kada ya ƙafe, Daeng. Ina ajiye wa Ilham."

Na ce mata Pak Darwis yana kan maganar, ta kusa fitowa. Da jami'in ya buga ƙarfe, ta matso da bakinta jikin wayar ta ce, "Ko me zai faru, kada ka kawo mini yaran nan wurin nan. Ko ziyara. Ka yi mini alkawari."

Na yi mata.

Alhamis, 25 ga Satumba, da azahar

Tauke Chong ya yanke mini kuɗin ranakun da ban zo ba. Na roƙe shi rance don haya da waya da abin da ake aikawa ciki. Ya bayar, ba musu. Ya ce sai dai in sa hannu zan ƙara masa shekara biyu, fasfona kuma yana wurinsa har in gama biya. Ba mugun mutum ba ne. Har ya tambayi lafiyar yaron. Na sa hannu.

Asabar, 27 ga Satumba, da safe

Pak Darwis ya ce mako mai zuwa. Ya ce wanda zai sa hannu ya yi tafiya.

Na cire Sukma daga makarantar unguwa. Ba don kuɗin kaɗai ba, Nene ba ta iya jigilar yaron, Sukma ce ke tsallaka gada da shi zuwa wurin Almaida. Ba ta yi kuka ba. Ta ninke rigar makarantar ta sa a ƙarƙashin matashi.

Laraba, 1 ga Oktoba, bayan la'asar

Jiya an zo an shafa jan fenti a jikin gidajen ɓangaren su Almaida. Kowa ya san abin da ke biyo bayan fenti: rusau. Su duka gidan babu mai takarda, har kakarsu da aka haifa a nan.

Da na dawo daga aiki na tarar mijinta yana loda tukwane a kwalekwale. Za su koma can tsibirai wurin danginsa. Almaida tana zaune a ƙofarmu da Ilham a ƙirji, ta ba shi wannan, ta juya shi ta ba shi wancan, 'yarta tana kuka a gefe ba ta kula ta ba.

Ta ce, "Ka bar ni in tafi da shi. Idan uwarsa ta fito sai ku zo ku ɗauka."

Na ce ba zan iya ba.

"Na sani. Na dai faɗa ne don kada in tafi da maganar a ciki." Ta miƙo mini shi yana barci, bakinsa da danshi. "Ka gaya wa matarka tiyon nata ne. Na san nata ne tun farko."

Na kawo ɗan abin da ke aljihuna, ta buge mini hannu.

Alhamis, 2 ga Oktoba, da yamma

Bai sha ba.

Asabar, 4 ga Oktoba, da safe

Ya ɗan karɓi cokali. Sukma ce kaɗai yake yarda da ita. Tana tallafe kansa, tana yi masa wata waƙa da ita ta ƙirƙira, ta ɗiga masa kaɗan-kaɗan. Nene ta zaga unguwa neman wata mai shayarwa. Waɗanda suka rage kowa a tsorace take, ba mai buɗe ƙofa.

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan azahar

Gudawa tun jiya. Maɗigarsa ta faɗa. Na kai shi wani ƙaramin asibitin kuɗi, don a babban asibiti za su tambayi takardar haihuwa, shi kuwa a ɗaki aka haife shi, haka ma Sukma. An ƙara masa ruwa. Likitar ta ce cikinsa ba ya karɓar madarar, in sayi wata iri. Na duba farashin, na mayar da gwangwanin kan kanta a hankali. Ta ce, "Ina uwarsa?" Na ce ta yi tafiya.

Na sayar da tukwanen sana'ar Rosmini da murhun gas. Na sayi madarar. Ita ma yana amayar da rabi.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da yamma

Na je ofishin jakadancin ƙasarmu in ji ko za a yi wa yaran takarda, idan an mayar da uwarsu in bi da su ta hanyar da ta dace. Matar da na samu ta saurare ni da kyau. Ta ce ana yi, amma sai da shaidar aure da ta haihuwa. Liman ne ya ɗaura mana aure a gonar kwakwar manja, ya rasu. Ungozomar da ta karɓi haihuwarsu an mayar da ita Sulawesi, can ƙasarmu, jim kaɗan bayan haihuwar Ilham. Ta ce za su taimaka, sai dai abin zai ɗauki watanni.

Na dubi wuyan Ilham. Watanni.

Wani dattijo da ke zaune kusa da ni ya ji komai. Da muka fito ya ce, "Ɗana, hanya biyu ce. Ko ka ba masu ƙaramin kwalekwale su tsallaka da su a ɓoye, ka san abin da teku ke yi. Ko ka miƙa su a sansanin, a rubuta su a sunan uwarsu, su hau jirgi tare."

Na yi masa sallama na kama hanyar gida.

Talata, 14 ga Oktoba, bayan la'asar

Na tare Pak Darwis a shagon shayi. Na ce ya ba ni kuɗina tunda abin bai yiwu ba. Ya ja mini kujera, ya sa aka kawo mini shayi.

"Ndi, kuɗin ai sun shiga hannun mutane. Ka taɓa ganin an tsamo gishiri daga miya? Ka ƙara haƙuri, mako mai zuwa."

Na ce ɗana yana mutuwa. Na faɗa da ƙarfi, mutane suka waiwayo. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ka yi a hankali. 'Ya'yan nan naka biyu, wace takarda gare su? Ni ina rufa maka asiri ne."

Hannuna yana kan kofin. Na san abin da na so in yi da shi. Na tuna idan aka kama ni babu wanda ya rage. Na tashi na fita.

Juma'a, 17 ga Oktoba, da yamma

Ta kira. Sunanta ya fito, jirgin ruwan ƙarshen wata zuwa Nunukan, tsibirin ƙasarmu da ke kan iyaka. Daga nan ba ta da izinin sake shigowa, shekaru. Muryarta kamar tana murna, kamar ba ta yi.

Ta ce, "Almaida tana ƙoƙari da shi?"

Na ce eh.

"Ya yi ƙiba?"

Na ce eh.

"Ban ji motsinsa ba."

Na ce barci yake.

Asabar, 18 ga Oktoba, da asuba

Ya daina kuka. Kallo kawai yake.

Lahadi, 19 ga Oktoba, bayan azahar

Nene ta wanke masa kayansa ta shanya. Da ta gama ta zauna kusa da ni ta ce, "Alkawarin da ka yi, ka yi shi ne ga matar da ba ta ga yaron ba."

Litinin, 20 ga Oktoba, bayan magariba

Ban san ta inda zan fara ba.

Na kai Ilham sansanin. Na tafi da Sukma ne don ta riƙe shi a mota, ita kaɗai yake karɓar ruwa a hannunta. Nufina in miƙa shi mu dawo ni da ita.

A bakin ƙofa na yi bayani, aka kira wata jami'a. Ta buɗe zanin ta dube shi, fuskarta ta canja. Ta shiga, ta daɗe, ta fito da takarda. Ta ce za a karɓe shi, akwai ma'aikaciyar jinya, za a sa shi a sunan uwarsa. Na ce na gode, Puwan, yadda ake girmama mata a nan. Ina ta godiya kamar an ba ni kyauta.

Sai ta dubi Sukma. "Wannan ma tata ce?"



Ta ce, "Ka ji ni da kyau. Yau ake rufe jerin. Idan tata ce kuma ba ta da takarda, yau ne kaɗai za ta iya bin uwarta. In ba haka ba, ban gan ta ba, ka kama hannunta ku tafi. Ba zan sake tambaya ba."

Na tuna hannuwan da Rosmini ta ɓoye. Na tuna matar da mijinta ya kusa shekara. Na tuna kuma yarinya mace ta tashi a ɗakin haya, ubanta yana bakin jirgi tun asuba, a unguwar da aka fara shafa wa fenti.

Sukma ta ce, "Ambo, Mama ba ta san yanzu sai an tallafe masa kai ta nan ba. Kuma ba ta san waƙar ba."

Na durƙusa. Na ce, "Kin san in kin shiga ba za ki fito ki dawo gida ba?"

Ta ce, "Kai ma za ka zo ai."

Na ce wa jami'ar tata ce. Sunanta Sukmawati.

Ita ta ɗauke shi, ta ƙi ba jami'ar. Ledar kayansa tana ja mata a ƙasa. Ko kayan sawa ban ɗauko mata ba, da silifas ɗin wanka ta shiga.

Laraba, 22 ga Oktoba, da yamma

Wayar ta yi ƙara ina kan aiki. Na ɗauka. Rosmini ta ce, "Ya kama nono." Muryarta a bushe.

Na ce alhamdu lillahi.

"Ka ce mini ya yi ƙiba."



"Na ɗauke shi kamar na ɗauki zani, Jumardin." Ba ta taɓa kiran sunana ba sai yau. "Kuma ka kawo mini Sukma. A kan siminti take kwana. Ka yi mini alkawari."

Na ce na yi.

Ta yi ta kuka, minti yana tafiya, na bar shi ya tafi. Kafin layin ya katse ta ce, "Da ka ƙara kwana biyu da..." Ba ta ƙarasa ba. Ban sani ba ko zagina take ko akasin haka. Ina jin ita ma ba ta sani ba.

Asabar, 25 ga Oktoba, da safe

Na kai kayan Sukma da man ƙaiƙayi, an karɓa a ƙofa. Mai ɗaki ya ce in ba zan iya biya ba akwai mai so. Tauke ya ce in dawo ɗakin ma'aikata a bayan injin, zai riƙa cira a albashi.

Talata, 28 ga Oktoba, bayan la'asar

Na roƙi awa ɗaya aka ba ni. Na tsaya a bayan shingen tashar jirgin tare da sauran mutane. Motoci suka zo, aka sauke su layi-layi, maza da ankwa biyu-biyu, mata a baya.

Na gan su. Rosmini da Ilham a zani a ƙirjinta, na ga ƙafarsa tana motsi. Yarinyar da ke riƙe da gefen rigarta ban gane ta ba da farko, an aske mata kai. Tana ta waige-waige, tana duba ɓangaren da babu ni. Na kira sunanta har maƙogwarona ya yi zafi, amma kowa a shingen sunan wani yake kira, ga ƙarar inji.

Ba su gan ni ba. Na koma na ƙarasa lodin.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da yamma

Sun kira daga Nunukan, da wayar wani ɗan agaji. An duba Ilham, an ce zai tashi. Gobe ko jibi za su hau babban jirgi zuwa Sulawesi, wurin mahaifiyar Rosmini, wadda ba ta taɓa ganin jikokinta ba. Na ce zan aika kuɗin mota daga tasha zuwa ƙauye. Ban san inda zan samo ba tukuna.

Sukma ta karɓi wayar ta ce in kula mata da rigar makarantarta. Ta ce gashinta zai fito, kada in damu.

Da Rosmini ta dawo kan layi ta ce, "Daeng." Na lumshe ido. Ta ce, "Yaushe za ka zo?"

Ban gaya mata takardar da na sa wa hannu a wurin Tauke ba. Na ce mata da Sallah.

Ba ta tambaye ni wace Sallah ba.